Gonar da Malam Ya Ba Mode Aro

Unguwar Rogo, Sakkwato
19 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga ɗana Abdulshakur,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Wasila da yara. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ke yi mini tsiya kowace safiya, da kunnen nan da ya ƙara nauyi. Shi ya sa ka ga takarda maimakon waya. In an kira ni sai in yi ta cewa "to, to" alhali ban ji komai ba, maganar da ke tafe da ni kuwa ba ta "to, to" ba ce. Na ba Mubarak direban motar albasa mai zuwa Jalingo ya kawo maka, in ka ji tana wari kada ka ga laifina.

Na san za ka ce wace Gwaggo Lantana ce wannan da ba ta neme ka ba tun sunan 'yarka Khaula. Ka yi haƙuri. Kakanka da mahaifina Malam Jelani 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma duk zuriyar kai kaɗai ka karanta doka, don haka dole ka sha tambaya. Shekara talatin da biyar ina yi wa 'yan firamare tambaya, yau ni ma ga tawa.

Malam yana da gona a Kwalkwalawa, bakin hanyar jami'a. Da ya koma sayar da hatsi a kasuwa gaba ɗaya, shekara talatin da takwas ke nan, sai ya ba amininsa Mode aronta. Ba a rubuta komai ba. Yadda ake yi, duk kaka mai aro yakan kawo damin gero ɗaya ƙofar gidan mai gona, da rana tsaka kowa na gani. Ba haya ba ce, dami ɗaya me zai yi wa mutum? Tuni ne kawai, don a san gona tana da mai ita. Baba Mode bai taɓa fashi ba, har bayan rasuwar Malam.

Shekara goma sha biyu da suka wuce gero ya ƙi. Na ga tsohon nan ya sauke dami yana haki, na kuma san abin da ya samu bai isa gidansa ba. Tausayi ya kama ni, na ce don Allah ya daina kawowa. Ya yi ta musu, na haɗa shi da girman Malam, ya daina. Ban ko shawarci ƙanena Mansur ba, wanda mu biyu muka gaji gonar.

Makon jiya Mansur ya bi ta wurin, ya tarar Hamza ɗan Baba Mode ya tayar da ginin bulo a kusurwar gonar, wai ɗakunan haya zai yi wa ɗalibai. Da ya yi magana, Hamza ya ce masa, "Gonar ubana ta. Tun ba a haihe ni ba shika nomanta." Mansur ya dawo yana huci, ko abinci bai ci ba.

To ga tambayata. Gona takan bar hannun mai ita don kawai wani ya daɗe yana nomanta? In haka ne, shekara nawa? Wa kuma ya zauna ya yanke yawan shekarun? Ka yi mini bayani dalla-dalla, don ni ɗaliba ce mai naci.

Gwaggonka,
Lantana Jelani


Jalingo
26 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga Gwaggo Lantana,

Wa'alaikumus salam. Takarda ta iso, kuma kin yi gaskiya, duk ofishinmu sai da aka san ta iso. Muna lafiya. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Wasila ta ce ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi.

Tambayarki tana da suna a shari'ar Musulunci, ana ce mata hauzi. Malaman fiƙihu suka ce idan mutum ya riƙe gona shekara goma yana yin yadda ya so da ita, mai ita yana gari, yana gani, bai ce uffan ba, to in ya zo daga baya ba a sauraronsa. Tsakanin dangi sai shekara arba'in, don an san dangi sukan yi wa juna kawaici. Dalilin shi ne kada rigima ta zama ba ta da ƙarshe. Amma hauzi ba ya hawa kan aro ko jingina. Abin da aka ara, ko ya shekara ɗari sunansa aro. Matsalar ita ce ku ne za ku kawo shaidar cewa aro ne, kuma damin nan shi ne takardarku. Ban faɗa don in sa ki damuwa ba, Gwaggo, alheri kika yi.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci. Shari'a hanya biyu ce. Akwai ta haƙƙi, inda mutum biyu ke jayayya kan abu, alƙali ya duba na wane ne. Akwai ta laifi, inda hukuma ke kama wanda ya karya doka. Maganarku tana kan hanya ta farko, ku bar ta a can. Don Allah ki ja kunnen Kawu Mansur kada ya taɓa bulo ko ɗaya. Ko da gonar taku ce, a yau tana hannun wasu, kuma doka ba ta yarda mutum ya ƙwaci haƙƙinsa da hannunsa ba. Na kira shi sau uku bai ɗauka ba, ina jin ya san abin da zan ce.

Ni lauyan gwamnati ne, ba ni da damar tsaya muku a kotu, amma shawara kam duk lokacin da kika so.

Ɗanki,
Abdulshakur


Unguwar Rogo
15 ga Maris, 2024

Ɗana Abdulshakur,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Ya azumi? Lafiyar jiki da sauƙi, ta zuciya ce babu.

Takardarka jiya ta zo hannuna, kwana goma sha bakwai bayan ka rubuta ta. Motar Mubarak ta lalace a hanyar Gombe, ya zauna jiran kayan gyara, takardar na aljihunsa. Na karanta ta sau uku. Da na zo inda ka ce kada a taɓa bulo ko ɗaya, sai na ajiye ta na yi kuka.

Da muka ji shiru, Mansur ya ce lauyana ya ga ba mu da gaskiya ne shi ya sa ya yi gum. Ni ma, in faɗa maka gaskiya, na fara zargin ka raina tambayar tsohuwa. Ka yafe mini. Ranar Alhamis ta makon jiya da hantsi ya rufe shagonsa na ɗinki a Mabera, ya ari guduma, ya je ya rushe ginin nan har ƙasa. Hamza bai hana shi ba, ya tsaya gefe yana ɗaukarsa a waya. Kafin la'asar 'yan sanda sun tafi da shi. Kwana biyu ya yi a hannunsu. Na je yin beli, wani ya dube ni ya ce in nemo namiji. Sai da maƙwabcinmu ya zo.

Ranar Litinin aka kai shi kotun majistare. Ban taɓa shiga kotu ba, na zauna can gaba don in ji. Aka karanta cewa Kwamishinan 'Yan Sanda ne ke ƙarar Mansur, kan shiga wuri ba izini da ɓarnata dukiya. Ina cikin tashin hankali, amma sai da abin ya ba ni mamaki. Shi Kwamishina me ya haɗa shi da mu? Ya taɓa ganin gonar? Hamza da aka rushe wa gini kuwa wai shaida ne kawai. Mansur ya buɗe baki ya ce gonar ubansa ce, majistare ta ce ba wannan aka tambaye shi ba. An ɗaga zuwa bayan Sallah.

Shekaranjiya Hamza ya aiko. Ya ce zai janye maganar, in ni da Mansur muka sa hannu a takarda cewa ba mu da komai a gonar. Sadiyatu matar Mansur ta zo ta durƙusa gabana tana kuka, tana cewa, "Yaya, ku ba shi. Gona ba ta ciyar da ɗiyana, Mansur ka ciyar da su." Mansur kansa ya yi laushi, kwana biyun nan sun karya shi. Ni na jawo wannan da bakina, kuma ban san wanda zan zaɓa ba tsakanin ƙanena da gonar ubana.

Faɗa mini, in Kwamishina ne mai ƙara, yaya Hamza zai janye abin da ba nasa ba? Kuma da gaske mace ba ta yin beli? Wannan karon ta tashar mota na aiko, na bar albasa.

Gwaggonka,
Lantana


Jalingo
20 ga Maris, 2024

Gwaggo,

Wa'alaikumus salam. Barkanmu da shan ruwa. Raina ya ɓaci ƙwarai da na karanta, da na sani da na nemi wani a Sakkwato ya zo ya karanta miki saƙona daga waya. Laifina ne.

Bari in fara da mai sauƙi. Mace tana yin beli, doka ba ta hana ba. Wanda ya kore ki al'ada ya bi, ba doka ba.

Kwamishina kuwa sunansa kawai ake sawa a madadin jama'a. Wanda ya ɗauki guduma ba Hamza kaɗai ya yi wa laifi ba, ya taɓa zaman lafiyar kowa, don in aka bar kowa da gudumarsa ke ma ba za ki zauna lafiya a gidanki ba. Amma akwai ƙananan laifuffuka da doka ta yarda a yi sulhu a kansu in wanda aka yi wa ɓarna ya amince, kuma na Kawu yana cikinsu. Don haka Hamza yana iya abin da ya faɗa. Sai dai farashin da ya sa ya wuce kima.

Shawarata, kada ku sa hannu. Kawu ya amsa laifinsa, ya nemi sassauci. Bai taɓa laifi ba, yana da iyali, galibi tara ake yi da biyan abin da aka ɓata. Na ce galibi, ban ce tabbas ba, kuma shi zai zaɓa don shi zai tsaya gaban majistare. Gonar kuwa ku kai ƙara kotun shari'ar Musulunci. Wanda za ku yi ƙara shi ne Baba Mode, don a hannunsa take.

Ba zan ɓoye miki haɗarin ba. Ana bukatar shaidu biyu da suka san aro ne. In babu, kuma Baba Mode ya musa, za a ba shi rantsuwa, in ya rantse gona ta tafi. Akwai wanda ya rage cikin waɗanda aka yi aron a gabansu?

Ɗanki,
Abdulshakur


Unguwar Rogo
13 ga Mayu, 2024

Ɗana Abdulshakur,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun yi Sallah lafiya. Ka ji ni shiru, ba fushi ba ne, yawon kotu ne ya cinye ni, ga zafin Sakkwato da ka sani. Har masu sayar da ruwa a bakin kotu sun san sunana.

Mansur ya bi shawararka, da kansa ya zaɓa. Ya amsa laifi, aka ci shi tara, aka ce ya biya bulon. Ya sayar da keken ɗinki ɗaya cikin biyu, amma a gidansa yake kwana. Alhamdu lillahi.

Ka tambayi shaidu. Mutum uku aka yi aron a gabansu, duk suna ƙasa. Na yi kwana uku ina juya maganar kai Baba Mode ƙara, mutumin da ya ɗauki makarar Malam a kafaɗarsa. Na je Kwalkwalawa don in gaya masa da bakina kafin sammaci ya riga ni, Hamza ya tare ƙofa ya ce ba ya nan. Ina ganin takalmansa a zaure.

Ranar zama muka kawo tsofaffin maƙwabtanmu biyu, suka ce sun sha ganin ana sauke dami a ƙofarmu. Hamza ne wakilin ubansa, kuma yaron yana da baki, wannan kam ba zan musa ba. Ya ce damin kyautar aminci ce, Malam kyauta ya ba da gonar. Ya ce in aro ne, me ya sa shekara goma sha biyu ba a kawo ba kuma ba wanda ya tambaya? Alƙali ya tambayi shaidunmu ko sun ji da kunnensu an ce aro. Suka ce ba su ji ba. Na miƙe na ce ni na hana a kawo, alƙali ya ce mai ƙara ba ya yi wa kansa shaida. Na zauna. Na san gona ta tafi.

Sai alƙali ya ce tunda wanda ake ƙara yana zaune a nan, yana son ya ji daga bakinsa. Hamza ya ce tsohon ba ya ji sosai. Alƙali ya ce a matso da shi. Aka kamo Baba Mode, ya rame har na kusa kasa gane shi. Alƙali ya ɗaga murya, abin da ya yi mini daɗi don ni ma na ji, ya ce, "Malam Mode, gonar nan kyauta ce ko aro?"

Bai dubi ɗansa ba, bai dube mu ba. Ya ce, "Aro na, ranka shi daɗe. Bakin rijiyar masallaci Malam Jelani yac ce mini, Mode, noma ta ka ci hal ranar da ɗiyana sunka buƙace ta. Na hwaɗa ma Hamza tun ranar da yak kawo bulo. Shekarata saba'in da takwas, ba ni zuwa in iske Malam da gonatai a wuyana."

Hamza ya tashi ya fita, ko takardunsa bai kwashe ba. Alƙali ya ce magana ta ƙare, gona ta magadan Malam Jelani ce.

Za ka ce in yi murna ko? Mansur yana yi. Har ya samo mai saye, wani mai gina gidajen ɗalibai, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma ya ji jiki. Amma hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kowa na gyaran gona, Baba Mode kuwa ba shi da ko taki ɗaya da zai sa fartanya. An ce Hamza ya kwashe iyalinsa ya bar gidan. Da tsohon nan ya yi shiru kawai, da yanzu gona tasu ce. Ya faɗi gaskiya ya rasa gona ya rasa ɗa, ni da na ci shari'a kunya nake ji.

Tambaya biyu. Me ya sa maganarsa ita kaɗai ta isa, alhali an ce sai shaidu biyu? Kuma Mansur yana da ikon sayar da gonar har da rabona?

Gwaggonka,
Lantana


Jalingo
18 ga Mayu, 2024

Gwaggo,

Wa'alaikumus salam. Na karanta wa Wasila takardarki, ba ta bari na kai ƙarshe ba sai da ta share hawaye. Shekarata tara ina wannan aiki, ban ga irin Baba Mode sun kai uku ba.

Abin da ya yi sunansa iƙirari. Mutum ba ya yi wa kansa shaida don ya samu, amma in ya faɗi abin da zai sa ya rasa, ba a neman wani shaida bayansa.

Rabonki kuwa naki ne. Kawu yana da kashi biyu, kina da ɗaya, kuma ba mai sayar da naki sai da yardarki. Ki nemi kotu ta raba. Na hango abin da kike shirin yi. In kin yi, don Allah wannan karon a rubuta, da shaidu, kowa ya sa hannu.

Ɗanki,
Abdulshakur


Unguwar Rogo
24 ga Yuni, 2024

Ɗana Abdulshakur,

Assalamu alaikum, barka da Sallah. Ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi, gwiwa ma ta ɗan saki. A gaida Wasila da yara.

An raba gona. Mutanen kotu suka zo da igiya, mai gari yana tsaye. Mansur ya ɗauki bakin hanya inda mai saye ke so, ni na ɗauki can ciki inda ƙasar ta fi kyau. Mun ɗan yi cacar baki da shi, ya ce na cika taurin kai, na ce a gida ɗaya muka koya.

Na sa aka rubuta takarda yadda ka ce, cewa rabona yana hannun Baba Mode aro, ya noma ya ci iyakar ransa, ba mai tashinsa ko ina raye ko ba na raye. Na ɗauki shaidu biyu da tawadar dangwale, muka tafi Kwalkwalawa. Ina tafe ina jin daɗin kaina, ka san halin malaman makaranta in sun shirya darasi.

Muka same shi a zaure shi kaɗai, yana gyara ƙotar fartanya, ban san gonar da zai kai ta ba. Na karanta masa da ƙarfi. Da na zo wurin noma fuskarsa ta saki. Da na miƙa tawada sai fuskar ta canza. Ya tura takardar gabana da bayan hannu.

Ya ce, "Ɗiyata, ni da Malam ba mu yi takarda ba. In maganata ba ta isa ba, dommi alƙali yak karɓe ta?"

Abdulshakur, duk tambayoyin da na yi maka wata huɗu, ba wadda ta kai wannan nauyi. Ba ka kusa balle in tambaye ka. Na ji kamar na zagi ubana. Shaidu suka sunkuyar da kai.

Daga baya na ce, "Baba, maganarka ta isa har ta yi yawa. Tamu ta ba ta isa ba. Ka ga abin da ɗanka ya yi, ka ga abin da ƙanena ya yi. Ni ma ina da ɗiya, kuma ban san abin da za su yi maka ba ranar da ba ni nan."

Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin da Hamza ya bari a buɗe. Sannan ya goge babban yatsansa a jikin riga, ya miƙo mini hannun. Ni na riƙe masa har ya dangwala.

Jiya aka gaya mini ya yi shuka.

Gwaggonka,
Lantana Jelani